Sandar da Na Dawo da Ita

Shekara huɗu na yi a Bursa,
ɗaki ɗaya, hawa na shida, taga tana kallon dutse.
Da safe aji, da yamma masaƙar tawul,
injuna suna ta surutu da harshen da ban gama iyawa ba,
ni kuwa ina lissafin kwanaki kamar mai bin bashi.

Asabar ce tawa.
Tun da jijjifi Burak zai buga ƙofa:
"Mannir, tashi, dutse ba ya zuwa gidan kowa."
Burodi, zaitun, shayi a fulas,
da ɗan kilishin da Inna ta cusa a aljihun jaka,
wanda nake yi wa rowa, yatsa biyu kowane mako.

Ranar farko bayan wani icce na zagaya na yi amai.
Ɗan Ƙofar Guga,
wanda iyakar tudun da ya sani
guntuwar ganuwa ce da jujin bayan gida,
ga shi rungume da dutse yana kiran sunan uwarsa.
Burak bai yi dariya ba. Sanda ya miƙo mani,
ta ƙarfe, mara nauyi, tana shigewa cikin kanta.
Ya ce in riƙe. Ban taɓa mayar masa ba.

Daga can ƙololuwa na kira gida.
Kaka ya karɓi waya, ya ce, "Wa ya biyo ka?"
Na ce ba kowa.
"Me ka yar a can?"
Na ce ba komi.
Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke,
sannan ya ce, "To, Allah ya ba ka lafiya."

Ban iya gaya masa ba
cewa a ƙasa ni baƙo ne,
ido yana bi na daga tasha zuwa tasha,
a sama kuwa haki ba shi da yare.
Kowa gwiwarsa ce ke yi masa magana.
Na yi alwala da ruwan da ya ciji yatsuna,
na yi azahar gajimare yana ƙarƙashin ƙafata,
na ci kuka sau ɗaya, na ɗora wa iska laifi.

Yanzu na dawo.
Katsina shimfiɗe take kamar faifai,
ido ya tafi, ya tafi, ba abin da zai tare shi.
Duk Asabar ƙafafuna suna riga ladan tashi.
In taka daga Ƙofar Guga har Ƙofar Ƙaura in dawo,
masu Keke Napep suna tsayawa, suna tausaya mani.
Takalman, Sagir ya gaje su,
suna can Batagarawa suna shan laka a gonar gyaɗa.

Sandar kuwa Kaka ya gani a bayan ƙyaure.
Ya jinjina ta, ya taɓe baki:
"Wannan ko akuya ba ta kora."
Kwana uku bayan haka na ji ƙwas, ƙwas, a zaure.

Matakala uku ce a ƙofar masallacinmu.
A ta farko yana tsayawa.
A ta biyu yana tsayawa, ya daɗe,
hannuna a ƙarƙashin gwiwar hannunsa,
numfashinsa irin wanda na sani.
In ya kai ta uku ba ya shiga nan take.
Sai ya juyo, ya dogara da sandar Burak,
ya dubi layinmu tun daga farkonsa:
teburin mai shayi, kwatar da ta toshe,
yara biyu suna gara taya,
hayaƙin ƙosan Ladiyo yana miƙewa.

Ya dube ni ta wutsiyar ido.
"Ba abin da na yar a nan," in ji shi.
"Tsaya dai in ƙara gani."